Ƙattin Duniyoyi Huɗu da ke Kewaya Rana, da Yadda Ɗan Adam Ya San Su



Shugaban wannan taro, malamaina da nake hange a sahun gaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana malaman makaranta, da ku ɗalibai, ƙannena da 'ya'yana, da kuka cika zauren nan maƙil, barkanmu da yamma.  

Batun da aka ɗora mini shi ne manyan duniyoyi huɗu da ke can nesa da rana: Mushtari, wadda littattafan makaranta ke kira Jufita, da Zuhal, wadda suke kira Satun, sai Yuranus da Naftun. Zan kawo adadi da shekaru, amma ba haddar lambobi nake so ku tafi da ita gida ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne hanyar da aka bi aka san waɗannan duniyoyi. Matakai huɗu aka taka: ido, madubin hangen nesa, alƙalami, sannan kumbo. Ukun farko ba su fi ƙarfin ɗalibin da ke zaune a nan ba. Zan kasa bayanin gida bakwai.

Na ɗaya: girmansu da nisansu

Duniyoyi takwas ne ke kewaya rana. Huɗu na kusa ƙanana ne, na dutse da ƙasa, kuma tamu tana cikinsu. Huɗu na nesa su ne ƙattin. In aka tara nauyin duniyoyin nan takwas, fiye da kashi 99 cikin 100 yana hannun ƙattin nan huɗu. Mushtari kaɗai ta ninka duniyarmu sau 318 a nauyi, ta kuma ninka sauran bakwai ɗin a haɗe sau biyu da rabi. Zuhal ta ninka mu sau 95, Naftun sau 17, Yuranus kusan sau 15.

Nisa kuwa, tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne. Mushtari tana kilomita miliyan 778 daga rana, Zuhal biliyan 1.4, Yuranus biliyan 2.9, Naftun biliyan 4.5. Na san kunne yana jin waɗannan lambobi, amma zuciya ba ta kama su. To, mu rage su. A ce rana ƙwallon ƙafa ce da aka ajiye a ƙofar zauren nan. Duniyarmu ƙwayar gero ce, mita 24 daga ƙwallon. Mushtari ɗan kanya ne a mita 123. Zuhal ta ɗan gaza kanya, tana mita 226. Yuranus ƙwayar wake ce a mita 450, Naftun ma wake ce, amma sai ka yi tafiyar mita 710 kafin ka tsince ta. Tsakaninsu duka babu komai sai sarari. Malaman firamare, wannan aiki ne da za ku iya yi da yaranku a filin makaranta ba tare da kun kashe ko sisi ba.

Na biyu: me ya sa suka zama ƙatti?

Tambaya ce da ya kamata mai tunani ya yi. Don me ƙanana suka taru kusa da rana, manya suka koma nesa?

Masana sun ƙiyasta cewa rana da duniyoyinta sun samu ne shekaru biliyan 4.6 da suka wuce, daga wani makeken gajimare na gas da ƙura. Rana ta haɗu a tsakiya, abin da ya saura ya zama faifai yana juyawa a kewayenta. Kusa da rana zafi ya hana ruwa daskarewa, don haka dutse da ƙarfe kawai suka iya dunƙulewa, su kuwa ba su da yawa. Amma daga wani iyaka, can bayan duniyar Mirrihi, sanyi ya kai ruwa ya zama ƙanƙara, kayan gini suka wadata. Dunƙulen da ya fara girma a can ya yi nauyin da ƙarfin jansa ya shiga zuƙo gas ɗin da ke kewaye, wato haidirojin da hiliyam. Mushtari da Zuhal sun yi sammako, suka kwashi kaso mafi tsoka. Yuranus da Naftun ba su sami gas mai yawa haka ba, shi ya sa akasarin jikinsu ruwa ne da amoniya da mitan, wato iskar da ta fi yawa a gas ɗin da ake haƙowa daga ƙasa. Mitan ɗin nan ne ke shanye jan haske, ya bar su da launin shuɗi-shuɗi.

Ku lura da wani abu: babu ƙasar da za a taka a kan ko ɗayansu. Ranar 7 ga Disamba 1995 wata na'ura da kumbon Galileo na Amurka ya sako ta shiga cikin Mushtari. Ta yi ta nitsewa cikin gajimare tana aiko da bayani na kusan minti 58, zafi da matsi suna ƙaruwa, har ta yi shiru, ba ta taɓa komai ba. Can ƙasa sosai, matsi yana mayar da haidirojin ruwa mai ɗaukar lantarki kamar ƙarfe, kuma juyawarsa ce ke ba Mushtari maganaɗisun da ya fi na kowace duniya ƙarfi.

Na uku: Mushtari, daga ido zuwa madubi

Mushtari da Zuhal ba wanda zai ce shi ya gano su, domin ido yana ganinsu tun fil azal. Bayan wata da Zara, Mushtari ce yawanci ta fi komai haske a cikin dare. Masana falaki na Babila sun rubuta tafiyarta a kan allunan yumɓu. Sun lura cewa takan shekara guda a kowane buruji, ta kammala zagaye cikin shekara 12, Zuhal kuma sai ta yi kusan 30. A Alƙahira, Ibn Yunus, wanda ya rasu a 1009, ya rubuta lokutan husufi da haɗuwar duniyoyi da daidaiton da ya sa masanan Turai suka amfana da rubutunsa ɗaruruwan shekaru bayan ransa. Da me ya yi aiki? Ido, kayan awo na hannu, da haƙurin kwana a waje.

A watan Janairu 1610, a birnin Faduwa na Italiya, masanin falaki Galileo ya ɗaga ɗan madubin da ya haɗa da hannunsa ya dubi Mushtari. Ya ga ɗigon haske uku a jere kusa da ita, bayan 'yan kwanaki suka zama huɗu. Kowane dare sai ya zana inda suke. Da ya jera zanen, sai ya gane cewa kewaya Mushtari suke yi. Su ne watanninta huɗu manya: Io, Yuropa, Ganimid da Kalisto. A wancan zamani an ɗauka cewa duk abin da ke sama duniyarmu yake kewayawa. Ga shi kuwa an ga abubuwa huɗu suna kewaya wata duniyar dabam. Gani ya kori ji.

Watannin nan ba su gama koyar da mu ba. A 1676, a Faris, wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Ole Rømer ya lura cewa husufin Io yakan yi sammako idan duniyarmu tana kusantar Mushtari, ya yi jinkiri idan tana nisanta. Me ke kawo jinkirin? Ya ce haske ne ke buƙatar lokaci kafin ya ratso ƙarin tazarar. Wannan ce hujja ta farko da aka samu cewa haske tafiya yake yi, kuma gudunsa yana da iyaka. Da agogo da littafin rubutu aka kai ga wannan.

Ita kanta Mushtari, duk girmanta, yininta bai cika awa 10 ba. Saurin juyin nan ne ya jera gajimarenta layi-layi. A cikinsu akwai wata jar guguwa da faɗinta ya fi duniyarmu, wadda ake bibiya tun ƙarni na 19 ba ta lafa ba, ko da yake tana raguwa. Sannan a watan Yuli 1994 duniya ta ga ƙarfin janta ƙiri-ƙiri, lokacin da gutsattsarin tauraro mai wutsiya Shoemaker-Levy 9, su fiye da 20, suka faɗa cikinta ɗaya bayan ɗaya, suka bar baƙaƙen tabo da aka yi makonni ana gani.

Na huɗu: Zuhal da zobbanta

Galileo ya dubi Zuhal a 1610, amma madubinsa bai da ƙarfi. Ya ga wani abu a kowane gefenta, bai gane ko mene ne ba. Bayan shekara biyu abin ya ɓace, daga baya ya dawo. Ya rasu bai warware matsalar ba. Sai a 1659 Christiaan Huygens ɗan ƙasar Holan ya bayyana cewa zobe ne siriri, shimfiɗaɗɗe, wanda bai taɓa jikin Zuhal ba, kuma yakan ɓace mana ne idan ya juyo mana da kaifinsa. A 1675 Giovanni Cassini ya ga cewa akwai rata a tsakiyar zoben, ashe ba ɗaya ba ne.

To, da me aka yi zobban? Babu madubin da zai iya nuna wannan a lokacin. A 1859 James Clerk Maxwell ya zauna ya lissafa. Ya nuna cewa da zoben dunƙulallen abu ne da ya farfashe, da ruwa ne da ya tarwatse. Abin da kawai zai ɗore shi ne tarin ƙananan gutsattsari marasa adadi, kowanne yana kewaya Zuhal da kansa. Da kumbuna suka isa can bayan fiye da shekara 120, abin da suka tarar ke nan: ƙanƙara, daga mai girman ƙura har mai girman gida. Faɗin manyan zobban daga gefe zuwa gefe ya kai kilomita 270,000, amma kaurinsu a wurare da dama bai wuce mita 10 ba.

Zuhal ba ta kai ruwa nauyi ba in aka auna su mudu da mudu, kuma ita kaɗai ce duniya mai wannan hali. A yawan watanni ma ita ke gaba: a lissafin watan Maris 2025 an tabbatar mata da 274.

Na biyar: Yuranus da Naftun, nasarar alƙalami

Jama'a, a nan nake so ku ƙara ba ni hankalinku, domin nan ne zuciyar laccar.

Daren 13 ga Maris 1781, a garin Bath na Ingila, William Herschel yana duban sama daga bayan gidansa. Sana'arsa kiɗa ce da koyar da kiɗa, falaki kuwa sha'awa ce ta kai shi, har ya koyi goge madubi da kansa, ƙanwarsa Caroline tana taimaka masa. Ya ga wani abu da ba ɗigo ba ne irin na taurari, ya zaci tauraro mai wutsiya ne. Da aka bi tafiyarsa aka lissafa, sai ga shi duniya ce, nisanta daga rana ya ninka na Zuhal sau biyu. Ita ce duniya ta farko da aka gano da madubi. Takan yi shekara 84 kafin ta zagaye rana, kuma a kishingiɗe take tafiya, ta karkata da digiri 98. Saboda haka kowane ƙarshenta yakan sami kusan shekara 42 na rana, sannan 42 na dare.

Sai matsala ta taso. A 1821 Alexis Bouvard ya fitar da jadawalin inda Yuranus za ta kasance shekara bayan shekara, bisa dokar jan nauyi ta Isaac Newton. Ba a daɗe ba aka ga tana kauce wa jadawalin. Kaucewar ba ta taka kara ta karya ba, ido tsirara ba zai ma lura da ita ba. Wani zai ce, a bar kaza cikin gashinta mana. Masana suka ƙi. Suka ce ɗayan biyu ne: ko dokar Newton tana da gyara, ko akwai wata duniya a ɓoye da ke jan Yuranus.

Urbain Le Verrier a Faransa da John Couch Adams a Ingila, kowanne ba da sanin ɗayan ba, suka ɗauki tambayar ta baya. Maimakon a san duniya a lissafa janta, sai a san jan a lissafo duniyar. Le Verrier ya gama, ya rubuta wasiƙa zuwa ga Johann Galle a ɗakin duban taurari na Balin, ya faɗa masa inda zai duba. Wasiƙar ta isa ranar 23 ga Satumba 1846. A daren nan Galle da mataimakinsa Heinrich d'Arrest suka ga Naftun, ƙasa da digiri ɗaya daga inda alƙalami ya nuna.

Ku tsaya ku auna wannan. Mutum yana zaune a ɗaki da takarda, ya nuna wurin da wata duniya take, mai nisan kilomita biliyan 4.5, wadda bai taɓa gani ba. Wane boka ne ya taɓa yin haka? Ɗalibin da ke cewa lissafi ba shi da amfani, me zai ce a nan?

Akwai kuma darasi na biyu. Littattafan Galileo sun nuna cewa ya ga Naftun a ƙarshen 1612 da farkon 1613, kusa da Mushtari, ya zana ta a matsayin tauraro. Don ya rubuta abin da ya gani ne muka san haka a yau. Shekarar Naftun ɗaya shekarunmu 165 ce, don haka sai a 2011 ta cika zagaye guda tun ranar da aka gano ta.

Na shida: kumbo, da tekunan da ke ƙarƙashin ƙanƙara

A 1965 wani matashin injiniya a Amurka, Gary Flandro, ya lissafa cewa a ƙarshen shekarun 1970 ƙattin nan huɗu za su jeru ta yadda kumbo ɗaya zai iya ziyartarsu duka, kowace ta ja shi ta ƙara masa gudu ta miƙa shi ga ta gaba. Irin wannan jeri sau ɗaya yake zuwa a kusan shekara 175. Aka harba Voyager 2 ranar 20 ga Agusta 1977. Ya wuce Mushtari a 1979, Zuhal a 1981, Yuranus a 1986, Naftun a 1989. Daga can, saƙonsa sai ya yi fiye da awa huɗu kafin ya iso. Shi ne ya auna iskar Naftun da ke gudun kilomita 2,000 a awa, kuma shi kaɗai ne kumbon da ya ziyarci Yuranus da Naftun.

Abin da ya fi ba masana mamaki ba duniyoyin ba ne, watanninsu ne. An zaci matattun duwatsu za a tarar. A watan Maris 1979, Linda Morabito tana nazarin wani hoton kumbon Voyager 1, sai ta ga hayaƙi yana tashi daga gefen Io. Dutse ne ke aman wuta. Ina zafi ya fito a wannan wuri mai tsananin sanyi? Daga jan Mushtari. Yayin da Io ke matsowa yana ja da baya a zagayensa, jan yana matsa shi yana saki, gogayyar tana narka cikinsa. Wannan matsi ne kuma ya hana ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Yuropa daskarewa, inda hujjoji ke nuna akwai tekun da ruwansa zai iya fin na dukan tekunanmu.

Kumbon Cassini ya isa Zuhal a 2004. Ranar 14 ga Janairu 2005 na'urar Huygens ta Turai, da ya goyo, ta sauka a kan Taitan, wata mafi girma na Zuhal. Sanyin wurin ya kai digiri 179 ƙasa da sifili. A can akwai gajimare da ruwan sama da koguna da tafkuna, amma na mitan ne ba na ruwa ba. A 2005 ɗin dai Cassini ya ga wani ƙaramin wata, Enseladus, mai faɗin kilomita 500 kacal, yana fesa ruwa da ƙanƙara zuwa sarari daga tsagogin kudancinsa. Kumbon ya ratsa ta cikin feshin, ya tarar da gishiri da sinadaran da rayuwa ke buƙata.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an ga halitta mai rai a can. Ba a gani ba. Abin da aka gani shi ne ruwa da ɗumi da sinadarai. Amma ko wannan ya isa a yi hattara. Da man Cassini ya kusa ƙarewa, sai aka tura shi da gangan cikin Zuhal ranar 15 ga Satumba 2017 ya ƙone, don kada wata rana ya faɗa kan Enseladus ko Taitan ya kai musu ƙwayoyin cuta daga nan. Mutanen da suka kiyaye tsabtar ruwan da ba za su taɓa sha ba, ba su bar mana abin tunani game da rijiyoyinmu da kogunanmu ba?

Aikin bai tsaya ba. Turai ta harba kumbon Juice a watan Afrilu 2023, an tsara ya isa Mushtari a 2031. Amurka ta harba Europa Clipper a watan Oktoba 2024, an tsara ya isa a 2030.

Na bakwai: mu kuma fa?

Wani zai ce, malam, wannan duk aikin Turawa ne, mu ina ruwanmu? Ruwanmu yana ciki. A ƙarni na 18, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya shahara a ilimin hisabi da falaki har a Masar, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. A zamanin da, a nan da Turai baki ɗaya, falaki da duba a cakuɗe suke, har Johannes Kepler ya yi wa manyan mutane duban taurari. Abin da ya raba su daga baya shi ne gwaji. Mai falaki yakan ce, a dare kaza ku dubi wuri kaza, in ba ku gani ba ku jefar da maganata. Mai duba ba ya yarda a gwada shi haka. Mushtari ba ta ba kowa arziki, Zuhal ba ta kawo wa kowa tsiya. Halittu ne masu tafiya bisa ƙa'ida, kuma an bar mana ƙofar sanin ƙa'idar a buɗe.

Allah kuma ya ba mu wuri mai kyau. Ƙasar Hausa ba ta da nisa da tsakiyar duniya, don haka duniyoyin nan sukan hau can saman kai, inda kallo ya fi kyau. Ƙauyukanmu suna da duhun dare irin wanda mazauna manyan biranen Turai suke tafiya mai nisa su nema. In ba lokacin da hazo ya yi kauri ba, sama a buɗe take yawancin rani. Waɗanda suka dubi yamma bayan magariba ranar 21 ga Disamba 2020 sun ga Mushtari da Zuhal sun matso juna fiye da kowane lokaci tun 1623. Za su sake haɗuwa a 2040.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga ɗalibai: ku koyi gane Mushtari. Haskenta a tsaye yake, ba ya ƙyaftawa kamar na taurari. Ku sami tabaron hangen nesa na hannu, ku jingina shi da katanga don kada ya yi rawa, ku zana ɗigon da kuka gani kusa da ita kowane dare har mako biyu, da kwanan wata da lokaci. Aikin Galileo ke nan, ba ragi. Ga shugabannin makarantu: ƙaramin madubi guda da zai nuna zobban Zuhal ya isa makaranta sukutum, a saka shi cikin kasafi. Ga iyaye da hukuma: Nijeriya tana da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, ta kuma mallaki tauraron ɗan adam na farko a 2003, amma ba a shiga wannan fage sai da lissafi da fiziks. Ku riƙe malamin lissafi da daraja, ku ƙarfafa yaran da suke son fannin, mata da maza.

  Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, don haka fili naku ne. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, kuma ina roƙon a fara ba ɗalibai dama.